Filin Masu Karatu: Wace Harmonika Ce Ta Dace da Salon Busarka?

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga abu guda, wato harmonika, ƙaramin abin busar nan mai ƙofofi a jere wanda ake sawa a baki a hura, a kuma zuƙa. Akasarin masu tambayar sun riga sun fara koyo da mai araha, yanzu kuma suna neman wadda za su koma kanta. Mun zaɓi wasu daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su ba tare da taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na fi shekara ina koyon busa da wata harmonika mai ƙofa goma da na saya a kasuwa, wadda ko sunan kamfani babu a jikinta. Waƙoƙi masu sauƙi suna fita, amma burina shi ne in iya lanƙwasa sauti, wato in ja shi ya sauka ƙasa da inda yake, irin na masu kiɗan bulus na Amurka, kuma duk lokacin da na zuƙi ƙofa ta biyu ko ta uku sai in ji iska tana ta wucewa har numfashina ya ƙare. Na tara kuɗin guda ɗaya mai kyau. Wani ya ce in sayi Marine Band, wani kuma ya ce Special 20. Wacce zan ɗauka? (Ɗalibi daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu kai ga sunaye, ya kamata ka san ainihin abin da kuɗinka zai saya maka. Idan ka buɗe harmonika mai ƙofa goma za ka tarar da allo a tsakiya wanda aka tsaga masa ɗakuna goma, da farantan tagulla biyu da aka manna masa sama da ƙasa, kowane faranti ɗauke da siraran fallaye goma masu rawa idan iska ta bi ta kansu. Na sama su ne ke amsa hurawa, na ƙasa kuma zuƙa, sannan murafu biyu suka rufe komai. Bambancin mai tsada da mai araha kusan duk yana wuri biyu ne: yadda kowane falle ya zauna daidai cikin tsagarsa ba tare da ya bar fili mai yawa a gefe ba, da kuma yadda faranti ya kwanta lif a kan allo ba tare da iska ta samu hanyar sulalewa ba. Lanƙwasa sauti yana faruwa ne sa'ad da fallaye biyu na ɗaki ɗaya, na hurawa da na zuƙa, suka yi aiki tare bisa yadda mai busa ya sarrafa harshensa da maƙogwaronsa, saboda haka harmonika mai yoyon iska takan sa wannan aiki ya zama wahala tsantsa ko ga wanda ya ƙware.

Duk da haka, ba zan ɗora wa harmonikarka dukkan laifin ba tukuna, domin ƙofa ta biyu a zuƙa tana ba kusan kowane sabon shiga wahala ko da mafi tsadar harmonika aka damƙa masa. Fallen wannan ƙofa dogo ne, kuma ba ya son a tsotse shi da ƙarfi ta cikin matsattsen baki. Ka gwada wannan: ka saki muƙamuƙinka ya sauka, ka buɗe maƙogwaro kamar mai shirin yin hamma, ka tura harmonikar ta shiga cikin leɓɓanka sosai, sannan ka ja numfashi a hankali daga ciki ba tare da iska ta bi ta hanci ba. Idan sautin ya fito garau, to gyaran yana bakinka ne, kuma sabuwar harmonika za ta ƙara maka sauƙi kawai. Idan kuwa har yanzu huci kake ji, to lokacin canji ya yi.

Duka biyun da aka ambata maka na kamfanin Hohner ne, wanda Matthias Hohner ya kafa a garin Trossingen na ƙasar Jamus a 1857. Marine Band ta fito tun 1896, kuma ita ce muryar da kake ji a yawancin tsofaffin faya-fayan bulus, tun daga Sonny Terry har zuwa Little Walter. Allonta na katako ne, an haɗa ta da ƙananan ƙusoshi, murafunta kuma suna da tagogi a gefe, abin da ke ba ta murya mai kaifi da ɗan gurnani. Special 20 ta zo ne a shekarun 1970 da allon roba, an ɗaure ta da sukuru, kuma farantanta sun nutse cikin allon ta yadda leɓɓan mai busa ba sa gogar bakin ƙarfe. Murafunta a rufe suke ta gefe, shi ya sa muryarta ta fi taushi da zagaye.

Ra'ayina a fili yake: ga wanda zai sayi guda ɗaya tak, yana kuma kan koyon lanƙwasa sauti, Special 20 ta fi dacewa. Mai koyon lanƙwasa yakan shafe sa'o'i yana zirga-zirga tsakanin ƙofa ta biyu da ta huɗu, kuma bakin farantin Marine Band da ke fitowa waje yakan ci leɓe kafin fatar wurin ta saba. Sannan akwai batun yanayin ƙasarmu, wanda masu ba da shawara daga Turai ba su cika lissafawa da shi ba. Katako yana shan danshin numfashi ya kumbura, ya kuma bushe ya tsuke, kuma tsakanin damina da hunturu a Kaduna ko Kano wannan kai-da-komo ya fi tsanani ƙwarai. Gaskiya ne cewa Marine Band ta yanzu ana shafa wa allonta man kariya, ba kamar ta da ba wadda haƙoran allonta kan kumbura su fito har su yanki baki, amma ƙusoshin suna nan, kuma duk ranar da ƙura ko ɓarɓashin goro ya maƙale a falle, buɗe ta da mayar da ita yadda take aiki ne na mai haƙuri. Mai sukuru kuwa, cikin mintuna kaɗan ka kwance ta, ka wanke allon da ruwa, ka ɗaure.

Akwai wanda zan ba shi wata shawara dabam. Masu busa sun kasu gida biyu wajen fitar da sauti ɗaya: wasu suna tsuke leɓɓa su saita ƙofa guda, wasu kuma suna cika baki da ƙofa uku ko huɗu su toshe sauran da harshe su bar ɗaya. Salo na biyu shi ne na yawancin manyan masu busa na Chicago, domin da ɗaga harshe da mayar da shi ake samun duka irin na kiɗa da sautuka masu fita a dunƙule. Idan can zuciyarka ta nufa, kuma muryar Marine Band ce ke maka daɗi a kunne, to ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin Marine Band Crossover, wadda ke da allon gora da aka rufe da man kariya sosai, aka kuma ɗaure ta da sukuru, ko kuwa Manji ta kamfanin Suzuki na Japan, wadda allonta gaurayen garin katako ne da roba, ba ya kumbura. Ko wacce ka zaɓa, ka fara da mai harafin C (harafin da ke jikin harmonika yana nuna sautin da aka gina ta a kansa ne) idan darussan da kake bi da ita ake yin su, kamar yadda akasarinsu suke.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ba bulus ne ya dame ni ba. Ina son in riƙa bin waƙoƙinmu na gargajiya da kuma kiɗan jita irin na Abzinawa tare da abokina mai jita, amma a ƙofofin farko na harmonikata akwai sautukan da nake nema in rasa, kamar an cire su. Shin lalacewa ta yi, ko akwai wata iri da ta fi dacewa da kiɗanmu? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Barka kadai, malam. Harmonikarka lafiyarta ƙalau, haka aka tsara ta tun asali. Tsarin da ake kira Richter, wanda kusan duk mai ƙofa goma ke bi, an yi shi ne a Turai a ƙarni na 19 domin kiɗan gargajiyar can, inda ake son ƙofofin farko su ba da sautuka a dunƙule don rakiya, na tsakiya kuma su ɗauki waƙar. A mai harafin C, hurawa daga ƙofa ta ɗaya zuwa ta huɗu tana ba da C, E, G, C, zuƙa kuma tana ba da D, G, B, D. Ka ga ke nan babu F kuma babu A a zangon ƙasa, wato jerin sautukan da ke tsakanin C na farko da C na gaba, sannan G ya maimaitu a zuƙar ƙofa ta biyu da hurawar ta uku, shi ya sa fallaye 20 suke ba da sautuka 19 kacal. Waɗannan biyun da suka ɓace sai da lanƙwasa ake samo su, kuma fitar da A mai tsabta daga ƙofa ta uku yana cikin abubuwan da suka fi ɗaukar lokaci a wannan sana'a.

Abin farin ciki shi ne, yawancin kiɗan da ka ambata a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma harmonikar da ke hannunka tana da su a zangon tsakiya ba tare da wata dabara ba. Ka fara daga hurawar ƙofa ta huɗu: hura huɗu, zuƙi huɗu, hura biyar, hura shida, zuƙi shida, hura bakwai. Wannan ya ba ka C, D, E, G, A, C, wato jeri mai haske wanda waƙoƙi da yawa za su zauna a kansa. Idan kuma kiɗan mai nauyi ne, mai ɗan sanya kewa irin wanda aka san masu jitar Agadas da shi, sai ka mayar da zuƙar ƙofa ta huɗu ta zama gidanka: zuƙi huɗu, zuƙi biyar, hura shida, zuƙi shida, hura bakwai, zuƙi takwas, wato D, F, G, A, C, D. Masu busa suna kiran wannan matsayi na uku, kuma ina ganin shi ne ƙofar da ta fi kusa ga duk mai son raka jitar Sahara. Wannan haɗi ba baƙon abu ba ne, domin a faifan Savane na Ali Farka Touré na ƙasar Mali, wanda ya fito a 2006, shekarar da ya rasu, akwai harmonika tana tafiya tare da jita da gurmin gargajiyar ƙasarsu ba tare da ta zama bare ba.

Idan ka gwada wannan ka ga har yanzu kana marmarin zangon ƙasa, wanda shi ne ya fi kauri da daɗin ji, to canjin da ya dace da kai na tsarin sautuka ne, ba na tsada ba. Akwai tsarin Paddy Richter da Brendan Power, mai busa ɗan ƙasar New Zealand, ya fito da shi domin waƙoƙin Ireland masu sauri. Falle ɗaya kawai aka canza, wato hurawar ƙofa ta uku da aka ɗaga daga G zuwa A, kuma da wannan ɗan gyara jerin sautuka biyar ɗin nan ya cika tun daga ƙofa ta ɗaya. Kamfanin Seydel yana sayar da ita a shirye. Akwai kuma harmonikar Lee Oskar, mai ɗauke da sunan mai busar nan ɗan ƙasar Denmark da ya yi suna a ƙungiyar kiɗa ta War, wanda ya fara sayar da nasa samfurin a 1983, kamfanin Tombo na Japan yana ƙera masa. A cikin ire-irensa akwai Natural Minor, wadda aka tsara domin waƙoƙi masu nauyin nan, har dunƙulallun sautukanta ma suna fita da wannan launi. Sai dai ka kula da abu guda lokacin saye: harafin da ke jikin Natural Minor yana nuna sautin zuƙar ƙofa ta biyu ne, ba hurawar ta ɗaya ba, saboda haka idan abokinka yana kaɗa jitarsa a kan A mai nauyi, wadda aka rubuta wa Am za ka nema kai tsaye.

Duk da haka kada ka yi watsi da koyon lanƙwasa. Mai goge da mawaƙin gargajiya ba sa tsayawa cak a kan matakan da piyano ta sani, sukan zame tsakaninsu, kuma wannan zamiya ita ce abin da harmonika mai ƙofa goma ta fi kowace iri iyawa.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ina kaɗa piyano a wani situdiyo, ina kuma karanta rubutun kiɗa. Na gaji da canza harmonika duk lokacin da waƙa ta canza harafi. Na ga wata doguwa mai ƙofa 24 a shago, mai shagon ya ce ita ce ta ƙwararru domin ta fi yawan ƙofofi. Ita ce maganin matsalata? ('Yar'uwa daga Jos)

Amsa: Ina amsawa, 'yar'uwa, kuma ina roƙonki kada ki saye ta da wannan niyya. Mai ƙofa 24 a jeri biyu, sama da ƙasa, kusan kullum irin da ake kira tremolo ce. Kowane sauti nata fallaye biyu ne ke fitar da shi, an saita ɗaya ya ɗan ɗara ɗan'uwansa kaɗan domin muryar ta riƙa kaɗawa. Tana da daɗi a waƙoƙi masu sanyi, kuma tana da masoya da yawa a China da Japan da Koriya, amma ita ma a kan harafi ɗaya take, saboda haka matsalarki tana nan inda kika bar ta.

Abin da kike nema shi ne harmonika mai maɓalli a gefe, wadda ake kira kromatik. A cikinta tamkar harmonika biyu ce aka haɗa, ɗaya a kan C ɗaya a kan rabin mataki sama da shi, kuma danna maɓallin yana karkatar da iska daga ta farko zuwa ta biyu, daidai da yadda kike barin fararen maɓallan piyano ki hau baƙaƙe. Tsarinta zai yi miki sauƙin ganewa, domin kowace ƙofa huɗu suna maimaita abu ɗaya: hurawa C, E, G, C, zuƙa D, F, A, B. Mai ƙofa 12 tana da fallaye 48 da zango uku, tana farawa daga C na tsakiyar piyano. Mai ƙofa 16 tana da fallaye 64, ta ƙara zango guda ta ƙasa. Da kromatik Toots Thielemans na Beljiyam, wanda ya rasu a 2016, ya yi aikinsa na jaz, kuma ita ce Stevie Wonder ke busawa. Ga mai aikin situdiyo ina ba da shawarar mai ƙofa 12, domin ta fi sauƙin riƙewa da rufewa da tafin hannu, kuma yawancin abin da za a nemi ki saka a waƙa ba zai sauka ƙasa da zangonta ba. Chromonica 270 ta Hohner tsohuwar hannu ce mai allon katako, amma saboda dalilin yanayin da na ambata a amsar farko na fi karkata ga CX-12 ta Hohner, wadda ake kwance ta ba tare da wani kayan aiki ba, ko SCX-48 ta Suzuki, dukansu masu allon roba.

Ki shirya wa hidimarta, domin kromatik ba ta jure sakaci. A kan fallayenta akwai 'yan siraran ledoji da ke toshe tsagar da ba a amfani da ita don kada iska ta ɓata. Idan harmonikar ta yi sanyi aka hura mata numfashi mai ɗumi, raɓa takan taru a kansu su manne, sai ki ji sauti ya maƙale sannan ya fashe, ko ya riƙa zizara. A sanyin Jos wannan zai riƙa faruwa da ke kusan kowace safiya idan ba ki ɗumama ta a cikin aljihu ko tafin hannu na 'yan mintuna kafin ki fara ba. Haka kuma shayi mai sukari ko lemon kwalba kafin busa yakan sa maɓallin ya daskare, saboda haka kurkure baki da ruwa ya zama al'adarki.

Akwai wata hanya ta daban da ya kamata ki sani, ko da ban ba ki shawarar binta yanzu ba. Howard Levy na Amurka ya nuna tun wajen 1970 cewa ana iya fitar da dukkan sautuka goma sha biyu daga ƙaramar mai ƙofa goma, ta hanyar haɗa lanƙwasa da wata dabarar tilasta wa fallen zuƙa ya yi kuka sama da sautinsa yayin hurawa. Ya daɗe yana amfani da Golden Melody ta Hohner, wadda aka saita sautukanta daidai wa daida da na piyano, saɓanin Marine Band da Special 20 waɗanda aka ɗan sauke wasu sautukansu domin su yi daɗi idan an busa su a dunƙule. Wannan hanya tana cin shekaru, tana kuma buƙatar a matso da fallaye kusa da faranti da hannu. Wadda ta riga ta san piyano za ta fara aiki da kromatik tun kafin ta iya kashi ɗaya cikin goma na waccan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, harmonika uku ke nan na kashe, kuma duk a wuri ɗaya suke mutuwa, zuƙar ƙofa ta huɗu ko ta biyar. Sautin yakan fara sauka, daga baya ya ɗauke. An ce akwai masu fallayen ƙarfe da ba sa mutuwa. Gaskiya ne? (Mai busa a wata ƙungiyar kiɗa, Kumasi)

Amsa: Tare da naka, malam. Akwai su, amma ba a yi fallen da ba ya mutuwa ba. Kamfanin Seydel da ke Klingenthal a Jamus, wanda aka kafa a 1847 kuma shi ne mafi daɗewa cikin masana'antun harmonika da ke aiki har yau, ya fito da fallayen ƙarfen da ba ya tsatsa a 2007 cikin samfurin da ya sa wa suna 1847, daga baya kuma ya saka su a Session Steel mai ɗan sauƙin kuɗi. Masu busa da yawa sun shaida cewa sun fi na tagulla daɗewa a kan saitinsu. Suzuki kuma tana amfani da wani gaurayen tagulla mai tauri a irin su Manji, shi ma yana da juriya.

Sai dai wurin da naka suke mutuwa ya tona asirin dalilin. Sautin da ya fara sauka alama ce ta cewa falle ya tsage a gindinsa saboda gajiya, kuma ƙofa ta huɗu ita ce wadda aka fi lanƙwasawa da ƙarfi. Ta biyar kuwa ba ta da cikakken rabin mataki da za a lanƙwasa ta zuwa gare shi, domin tsakanin E da F babu wani sauti, saboda haka duk mai matsa mata yana karya ta ne kawai. Na fahimci halin da kake ciki, domin wanda ke tsaye tsakanin ganguna da jita mai lantarki ba ya jin kansa, sai ya riƙa ƙara ƙarfin numfashi ba tare da ya sani ba. Maganin wannan yana wurin mai kula da na'urar sauti: a ƙara maka murya a lasifikar da ke fuskantarka, kai kuma ka rage ƙarfi. Idan salonka mai duka ne da gaske, ka buɗe murfi ka ɗan ɗaga bakin fallayen da tsinken sakace, kaɗan-kaɗan kana gwadawa, domin falle mai ɗan tazara daga faranti ba ya shaƙewa idan an buge shi da iska. Sannan ka zaɓi samfurin da ake sayar da farantansa daban, kamar Lee Oskar da Seydel da Suzuki, ta yadda mutuwar falle ɗaya ba za ta sa ka jefar da harmonika sukutum ba.

Tambaya: Malam, ina da Special 20 mai harafin C kuma ina jin daɗinta. Kuɗi sun shigo mini. In sayi guda ɗaya mafi tsada, ko in ƙaro wasu haruffa? Kuma wace iri ce ke ba da muryar nan mai kauri da ƙara ta faya-fayan Chicago? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Ka ƙaro haruffa, malam, babu ko tantama. Masu bulus sukan yi busa a matsayi na biyu, inda harmonika mai C ke bin waƙar da ke kan G, mai A ta bi E, mai D ta bi A, mai G kuma ta bi D. Tun da masu jita suna son E da A, to A da D su ne na farko a jerin sayayyarka, sai G, daga baya B♭ da F. Za ka kuma tarar kowace tana koya maka wani abu, domin G da A masu dogayen fallaye suna son buɗaɗɗen maƙogwaro da numfashi mai nutsuwa, D da F kuwa suna amsawa da sauri, lanƙwasarsu kuma a gaban baki take.

Muryar Chicago kuwa ba a cikin harmonikar take ba. Little Walter da takwarorinsa na shekarun 1950 sun same ta ne ta hanyar rungume harmonika da ƙaramin makirfo a cikin tafukan hannu biyu ba tare da barin kafar iska ba, suka jona shi da amfilifaya irin ta da, mai 'yan kwalaben lantarki a ciki, suka matsa mata har muryar ta fara dusashewa. Makirfo irin su Astatic JT-30 da Shure 520 sun yi suna a wannan aiki. Amma amfilifaya abin da ka ba ta take ƙarawa, saboda haka ka fara samun kaurin murya da bakinka da hannunka a cikin ɗaki kafin ka kashe ko sisi a kan na'ura.

Tambaya: Malam, a garinmu babu shagon da ke sayar da waɗannan samfura, sai dai a yi oda ta intanet ko a ba ɗan'uwa da ke waje saƙo. Yaya zan kauce wa jabu, kuma ko ta gwanjo tana da amfani? (Malamar makaranta daga Garwa)

Amsa: Malama, ki fara da sanin cewa yawancin masu sayarwa ba sa karɓar harmonika idan an riga an sa ta a baki, saboda dalilin tsabta, don haka zaɓin farko shi ne na ƙarshe. Idan ɗan'uwa za ki ba saƙo, ki rubuta masa abu uku dalla-dalla: sunan kamfani, sunan samfuri, da harafi, ki kuma gaya masa ya je shagon kayan kiɗa na gaske. Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa, domin manyan kamfanonin ma suna da samfura masu araha na kyauta da wasan yara, waɗanda ba za su fi wadda kike da ita ba. A intanet kuwa, duk inda kika ga samfurin Jamus ko Japan a farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, ki wuce. Idan kuɗin ne bai kai ba, ya fi miki alheri ki sayi ta China mai sunanta na gaskiya, kamar T008K ta Easttop ko samfuran Kongsheng, waɗanda suke riƙe iska sosai har a koyi lanƙwasa da su, da ki sayi mai sunan aro.

Ranar da ta iso, ki buɗe manhajar auna sauti a wayarki, ki bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya da numfashi mai taushi, hurawa da zuƙa, ki tabbatar kowane falle yana amsawa nan take. Kada ki firgita idan allurar ta nuna wasu sautuka sun ɗan sauka ko sun ɗan hau, domin da gangan ake saita su haka. Abin damuwa shi ne fallen da ya yi shiru, ko mai ƙarar gogar ƙarfe, ko wanda ya kauce da kusan rabin mataki.

Ta gwanjo kuwa, ban yarda da mai allon katako ba ko kyauta ce, domin katako ya sha abin da ya sha kuma ba ya wankuwa. Mai allon roba ko ƙarfe wadda ake kwancewa da sukuru ana iya karɓarta idan farashin ya faɗi ƙwarai, a kwance ta gaba ɗaya, a wanke allo da murafu da ruwan sabulu, a goge faranta da sifirit ana bin tsawon fallaye daga gindi zuwa baki don kada su karkace, a bar komai ya bushe sarai kafin a ɗaure. Kromatik ta gwanjo kuma sai idan akwai mai gyara a kusa da ke, domin sau da yawa ledojinta sun riga sun nannaɗe, kuma sauya su ɗaya bayan ɗaya aiki ne da ke buƙatar kayan gyara da ba a samunsu a kasuwanninmu.